Mai Ɗanɗana Rijiyoyin Teraka

Tsoron ya shige ni ne a bakin rijiyar makaranta, da safiyar wata Laraba. Kakana Burentau ya kurɓi ruwa daga ƙoƙon kwakwa, ya riƙe shi a baki, ya lumshe ido yadda na saba ganin yana yi tun ina goye, sannan ya haɗiye ya ce, "Garɗi."

Ya miƙo mini ƙoƙon, na kurɓa. Gishiri ya kama mini gefen harshe, ya gangara maƙogwaro yana karta. Ban tofar ba, saboda 'yan makaranta na tsaye da bokitai suna kallonmu, hedimasta Taomati kuma yana bayansu. Na haɗiye, na zura bakin na'urata ta auna gishirin ruwa cikin guga, na jira lambobin su tsaya. Dubu huɗu da ɗari uku. A jami'a an koya mana cewa in ya haura dubu biyu da ɗari biyar, ba a ba yaro ya sha.

"Me ƙarfen naki ya ce, likitar ruwa?" in ji Kaka.

"Bai gama ba tukuna," na ce, na kife na'urar a jikin zanena.

"Shekara huɗu a Fiji, an sallamo ki da abin da ba ya amsa gaisuwa."

Yara suka yi dariya, ni ma na yi. Amma ba lambar ce ta firgita ni ba, don tun kafin in baro Tarawa, babban birninmu, na yi zaton haka. Fuskarsa ce. Na san fuskar Kaka in yana rufa wa wani asiri, girarsa ta hagu takan ɗaga. Ranar ba ta ɗaga ba. Da gaske garɗi ya ji. Yaran suka cika bokitai, wasu suna kamfata da hannu suna sha, babu wanda ya yamutsa fuska. A duk mutanen da ke wurin ni kaɗai ke jin gishirin.

A garinmu Teraka kowane gida da abin da ya gada yake kuma ɓoyewa. Gidan su Nabuti ɗori suka sani, wani gidan ya san inda kifi ke kwana a kowane wata, wani ya san irin ganyen da ake haɗa wa gwazar rami taki. Mu namu ruwa ne. Ba a haƙa sabuwar rijiya, ba a yashe tsohuwa, sai an zo da taba da gaisuwa an ɗauki Burentau. Ya karɓi sanin yana ɗan shekara goma sha biyar, daga gwaggonsa da ba ta haihu ba. Abin da ake gani daga waje kaɗan ne. In gobe zai yi ɗanɗano, tun yamma ba ya cin kifi, ba ya busa taba. Yana fita kafin rana ta yi zafi, a lokacin da teku ta cika, don ya ce a sannan ne rijiya ba ta iya ƙarya. A kafaɗarsa akwai wata koriyar kwalba da igiya a wuyanta, cikinta ruwan sama. Sai ya kurɓi na kwalba, ya kurɓi na rijiya, ya ji tazarar da ke tsakaninsu. Sauran, abin da yake dubawa a ganye da launin yashi, ba ya faɗa wa kowa.

Yana saurayi ya tafi tsibirin Nauru haƙar ƙasar taki, ya yi shekara tara. Bai cika ba da labarin can ba, in ban da ruwan da ake ba su mai warin ƙarfe, wanda ya ce ko kare ya sha sai ya kalle ka. Ya dawo da keken ɗinki na matarsa, kakata Iya Kaitiro, da rediyo, da ƙuduri ɗaya: 'ya'yansa ba za su riƙe shebur ba, don ya ga mai biro shi ke zaune a inuwa. A lokacin Teraka ba ta da makaranta. An ce in akwai rijiya mai kyau a filin, za a turo malami. Kafin ya dawo an haƙa sau uku ana tarar da zartsi. Ya yi kwana shida yana zagaya filin ba takalmi, daga ƙarshe ya kafa sanda a wani wuri da ya fi sauran kusa da teku. Aka ce Nauru ta taɓa masa kai. Da aka kai tsayin mutum ruwa ya ɓuɓɓugo, matan garin suka daina zuwa rijiyoyin gidajensu in za su dafa shayin baƙi. Shekara arba'in ke nan.

Makarantar kuwa ta yi aikinta. Kawu Tirebu ya ci jarrabawa ya shiga aikin jirgin ruwa, hotonsa cikin dusar ƙanƙara yana manne a ginshiƙin gidanmu har ya koɗe. Inna Aroita tana jinya a wani asibiti a Ostireliya. Mahaifiyata tana kula da tsofaffin wasu a Niyu Zilan. Ta bar ni a hannun nata tsofaffin ina shekara uku, kamar yadda ake yi. Kaka yakan ce, "Ni na haƙa wa makarantar nan rijiya, ita kuma ta saka mini da kwashe mini 'ya'ya ɗai-ɗai." Da dariya yake faɗa, kuma kullum shi ke raka ni har ƙofar aji, ya tsaya ya leƙa rijiyarsa sannan ya koma. Bai ba kowa sanin gidanmu ba. Wanda zai zauna ake ba, mu kuwa duk wanda ya isa karɓa, jirgi ya riga ya ɗauke shi.

Da na gama digiri a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, aka ɗauke ni aikin wata shida: in zagaya rijiyoyin makarantun tsibirinmu, in auna, in aika da lambobin Tarawa. Shekara biyu da wata uku ke nan ba a yi ruwan kirki ba. Ruwan daɗinmu a kwance yake a kan na gishiri kamar mai a kan miya; in sama ba ta ƙara masa ba, teku kuma tana ta turowa daga ƙasa, sai ya yi ta sirancewa. Kowa a Teraka ya san abin da ke rataye a kan takardata. Yara talatin da ɗaya suka rage a makarantar. In rijiyar ta faɗi, za a haɗe su da makarantar hedikwata, tafiyar awa huɗu a ƙafa, ga gadar duwatsun da ke tsakani ruwa na shanye ta duk cikar wata. Babu uwar da za ta tura ɗan shekara shida wannan hanya. Kwasar yaran za su yi su tafi Tarawa wurin dangi, wanda ya tafi Tarawa da yara kuwa sai dai a gan shi a jana'iza.

Da azahar ɗin wannan Larabar, Kaka yana barci, na ɗauko koriyar kwalbar daga inda yake rataye ta, na je wurin Iya a madafi. Tana zaune tana kankarar kwakwa.

"Iya, ina Kaka ke samun ruwan saman da ke cikin nan?"

"Wane ruwan sama? Kin ga saman nan ta yi kama da mai kyauta? Tankin coci ya ƙafe tun Istar bara. A rijiyar gida yake cikawa. Ya ce duk tsibirin nan babu kamarta, kakan kakansa ya haƙa ta."

Na tsiyaya kaɗan a kofi na auna. Dubu uku da ɗari tara. Na zauna a kan turmin da ke gefe. Shekara ɗaya da rabi ke nan yana auna zartsi da zartsi, yana jin tazara kaɗan, yana cewa garɗi, garin kuma yana sha saboda shi ya faɗa.

"Iya, cokali nawa kike sa sukari a shayi yanzu?"

"Huɗu. Sukarin yanzu ba shi da ƙarfi."

"Sabulu fa?"

"Shi ma ba ya kumfa. Duk kayan kantin nan algus ne." Ta tsaya da kankarar ta dube ni. "Ke, in da magana a bakinki ki ajiye ta, ki daina zagaye ni."

"Ruwan ne, Iya."

Ta koma kan kwakwarta. Ta daɗe tana kankara kafin ta ce, "Tun bara nake ganin farin abu a gindin tukunya. Gaya masa in kin isa. Ni shekara hamsin ina aurensa ban isa ba."

Na je wurin nas ɗin garin da yamma. Ta ce gudawa ba ta yankewa a yara, jarirai biyu an kai su hedikwata a watan da ya wuce. Washegari Alhamis na hau keke na tafi hedikwata, inda waya ke kamawa. Na yi awa guda a kan bencin ofishin, lambobin na gabana, kafin in danna in aika su Tarawa. Har yau ina ganin abin da ya kamata ne na yi. Abin da ban yi ba shi ne in dawo in gaya masa. Na ce sai gobe. Gobe na ce sai bayan coci.

Bayan coci ranar Lahadi aka taru a maneaba, babban zauren taron gari. Kowane gida ya zauna a gurbinsa a ƙarƙashin rufin, dattawa a gaba, mu mata da matasa a baya inda ba a magana. Hedimasta ya kawo zancen rijiya. Tsoho Nabuti, abokin wasan Kaka tun suna yara, shi ya fara.

"Burentau, an ce jikarka ta zo da harshen ƙarfe. Naka tsatsa ya yi?"

"Nawa ne ya samo ruwan da aka wanke 'ya'yanka tara da shi. In ba su fita ba, ba laifin ruwan ba ne."

Aka kwashe da dariya. Nabuti ya ce, "To mu dai shayinmu ya koma miya."

"Ka daina barin matarka tana dafa shi a tukunyar kifi."

Hedimasta baƙo ne, daga arewa aka turo shi, kuma na tabbata ba da mugun nufi ya yi ba. Ya zaro robar ruwa daga jakarsa, irin wadda ake sayarwa a jirgi, ba a ɓalle murfinta ba. Ya durƙusa ya miƙa wa Kaka. "Baba, don Allah ɗanɗana mana wannan mu ji."

Kaka ya ɓalle murfin, ya kurɓa, ya lumshe ido. "Wannan mataccen ruwa ne," ya ce. "Babu komai a cikinsa."

Aka sake dariya. Sai ya ƙara kurɓa, ba wanda ya ce ya ƙara. Ya riƙe shi ya daɗe. Ya jawo koriyar kwalbarsa ya kurɓa. Daga inda nake ina kallon maƙogwaronsa, bai motsa ba. Ya tashi a sunkuye ya fita bakin rufin ya tofar a kan tsakuwa, ya dawo ya zauna. Nabuti ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskarsa, ya fasa. Har aka tashi ba a yanke komai ba.

Da la'asar ina zaune a kan dandamalin da muke kwana, ina ta shirya yadda zan fara, sai ga Kaka. Bai hau ba. Ya zauna a ƙasa, a kan tsakuwa, ƙasa da ƙafafuna. Na zabura zan sauko ya ɗaga hannu.

"Zauna, Rereao." Ba ya kiran sunana sai in ba ni da lafiya. "Bubuti nake yi."

Duk wanda ya tashi a wurinmu ya san nauyin kalmar nan. Da ita ake karɓar kwale-kwalen mutum, ko rigar jikinsa, ko ɗansa a riƙe. Ba a cewa a'a. Ba a kuma cewa an makara, don wannan ya fi a'a muni: ka bar babba ya zauna a ƙasa a banza ke nan.

"Harshena ya mutu," ya ce. "Yau na ji. Amma idona yana nan. Akwai ruwa a Bikentoa. Gwaggona ta nuna mini wurin sau ɗaya, ta ce kada a taɓa sai ranar da babu yadda za a yi. Ki riƙe takardarki kwana uku. In je in tono, in kawo jarka shida, ki tsoma ƙarfenki a gaban kowa. In ya yi, samari su riƙa ɗaukowa sau biyu a mako, yara su sha har sama ta tuna da mu. Sai ki rubuta musu wannan ma, su gani tare."

Na dubi tsakiyar kansa, inda gashin ya zube. Ban taɓa ganin wurin daga sama ba.

Na ce, "To, Kaka."

Na sha juya wannan "to" ɗin tun daga ranar. A lokacin na gaya wa kaina cewa ba komai, in ya kawo ruwan sai in aika takarda ta biyu ta bi ta farko. Na gaya wa kaina Bikentoa tafiyar awa uku ce kawai, ɗan tsibirin da ba kowa sai tsuntsaye, kuma ya je kamun kifi wajen ya fi sau ɗari. Na gaya wa kaina shekara biyu iska ba ta sauya hanya ba. Duk gaskiya ne. Amma gaskiyar da ta fi su ita ce ban iya kallon mutumin nan zaune a ƙasa in ce masa tun Alhamis na gama da shi ba.

Ranar Litinin ya wuni yana ɗaure kwale-kwalensa da sabuwar igiyar ɓawon kwakwa, yana ɗinke ƙyallen da iska ke turawa. Samari biyu suka ce za su raka shi ya ƙi, don wurin sirrin gida ne. Na ce to ni fa, ai 'yar gida ce.

"Ki zo ki zana wa Tarawa taswira? Zauna ki yi gadin ƙarfenki kada ya gudu."

Talata da sassafe muka raka shi bakin ruwa ni da Iya. Ya jera jarkoki shida, da shebur, da adda. Iya ta miƙa masa ƙunshin busasshen kifi da kwakwa takwas a ɗaure.

"Ka dawo gobe kafin in ba Nabuti abincinka."

"Ba shi. Haƙori biyu gare shi, zai rage mini."

"Tsoho, ka ga kayan nan in sun cika nauyi gare su."

"Na ɗauko ki daga garinku a cikinsa bai nutse ba."

Ta ɗaga hannu kamar za ta make shi. Ya tura kwale-kwalen, ya yi tsalle ya hau kamar yaro, ya ja igiya. Muna tsaye har ya fita ta mashigar duwatsun murjani ya karkata arewa. A nan ma ina iya ƙwala masa kira. Na san muryata za ta kai.

Ranar ta wuce lafiya. Laraba da hantsi iska ta tsaya cak, ganyen kwakwa ya daina motsi, kaji suka shige ƙarƙashin dandamali. Kafin azahar iskar ta dawo, amma daga yamma. Ban taɓa jin garin ya yi irin ihun da ya yi ba lokacin da ɗigon farko ya bugi kwanon coci. Aka buga ƙararrawa. Mata suka fito da baho da tukwane da bokitai, yara suna gudu baki buɗe, wani ya kife kwale-kwalensa ya sake juya shi don ya tari ruwa. Iya ba ta fitar da ko kofi ba. Ta tafi bakin ruwa ta tsaya, ni ma na bi ta. Ba a ganin mashigar, ba a ganin komai sai fari. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka tuna, suka ajiye bokitai suka zo suka tsaya bayanmu. Nabuti ya ce, "Ai ba zai taso a cikin wannan ba. Ya san sama." 

An kwana ana ruwa, an wuni. Sai Juma'a teku ta kwanta har jirgin inji ya iya fita. Na bi maza uku muka tafi Bikentoa. Ba mu sha wuyar samun wurin ba, don ya sare ciyayi ya yi hanya. A tsakiyar tsibirin, a gindin wasu tsofaffin itatuwa, ga rami sabo, zurfinsa ya kai ƙirji, an jera masa faffaɗan duwatsu a gefe yadda yake yi wa kowace rijiya tasa. Ga ɓawon kwakwa huɗu, ga tokar wuta da ruwa ya dame, ga shebur a jingine. Babu jarkoki, babu kwale-kwale.

Na durƙusa na tsoma na'urar. Ɗari shida. Na kamfata na sha, ruwa ne mai daɗi kamar na Fiji. Mazan suka sha, ɗaya ya share ido da bayan hannu ya ce, "Tsohon nan." Ban gaya musu cewa an yi kwana biyu ana ruwa a cikin ramin ba, kuma ba ni da hanyar sanin ko ruwan da ya samo nake sha ko na sama. A aji za a ce in jira mako biyu in sake aunawa. A hanyar dawowa suna ta lissafin iska, inda za ta tura shi in ƙyallen ne ya yage, inda za ta tura shi in sandar ce ta karye. Mai tuƙi ya ce, "Ko ba komai yana da ruwan sha." Ba wanda ya yi zancen nauyin jarka shida a kan kwale-kwalen mutum ɗaya.

Da muka sauka akawun hedikwata yana jirana da takarda. An yaba mini da saurin aiko da sakamako. Za a rufe makarantar Teraka a ƙarshen zangon nan. Na duba kwanan watan da ke sama. Litinin aka sa hannu, yana zaune a inuwa yana ɗinkin ƙyalle.

Jirgin sama ya yi kwana biyu yana zagaya teku yana nemansa sannan ya koma. Fasto ya zo ya yi addu'a, bai ambaci mutuwa ba, don an sha ganin mutanenmu sun yi wata guda ko fiye a kan ruwa an tsince su da rai. Matan garin suna zuwa su zauna da Iya suna saƙar tabarma, suna ƙirga mata waɗanda aka tsinta. Waɗanda ba a tsinta ba kowa ya san su, ba a kawo sunansu. A cikin mako na biyu gidaje uku suka rubuta suna a jirgin da zai tafi Tarawa. Mahaifiyata ta kira daga Niyu Zilan tana kuka, a ƙarshe ta ce ta samo mini takardun ƙarin karatu a can, in cike kafin wata ya ƙare. Suna cikin jakata.

Ba na iya cin abinci sosai.  Na koma ina auna rijiyar makaranta kowace safiya ba tare da an sa ni ba; ruwan saman ya sauko da ita zuwa dubu uku da ɗari biyar, ta tsaya a nan, yanzu ta fara hawa kuma.

Ranar kwana goma sha biyu da fitarsa na samu Iya ita kaɗai a madafi, tana gasa kifi. Har yau na mutum uku take gasawa. Na durƙusa na gaya mata duka, tun daga bencin hedikwata har "to" ɗin da na ce. Ba ta dube ni ba. Ta juya kifin, ta gyara itace.

"Kin gama?"

"Na gama, Iya."

"Me kike so in ce? In ce da kin faɗa ma sai ya tafi? Ban sani ba. Wataƙila ya tafi, taurin kai gare shi. Wataƙila ya zauna ya mutu a kan tabarma don kunya. Ban sani ba." Ta kwashe kifin ta sa a faranti. "Ba ni ya yi wa bubuti ba, ba ni kika ce wa to ba. Ki ajiye maganarki, shi za ki gaya wa."

"In kuma…"

"Ɗauki farantin nan ki kai."

Na ɗauka na kai inda muke cin abinci. Tun ranar ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta kuma sauya mini fuska ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Yau kwana goma sha tara da fitarsa. Shekaranjiya akawun ya zo a kan babur, ya tsaya nesa da gida ya aika a kira ni. Wani jirgin kamun kifi na ƙasar waje ya yi waya cewa ya tsinci mutum ɗaya a cikin kwale-kwale, can yamma mai nisa, yana da rai amma ba ya iya magana. Ba su faɗi suna ba, ba su faɗi shekaru ba. Akawun ya ce iskar ranar nan ta tafi da mutane daga tsibirai uku, kwale-kwale huɗu ake nema, biyu daga ciki na mutum ɗai-ɗai ne. Na tambaye shi ko sun ce akwai jarkoki. Ya ce bai sani ba, ya aika a tambaya, ba su amsa ba.

Na gaya wa Iya. Ta ce to. Ta gaya wa Nabuti, ya zo ya zauna a ƙofar gida, tun jiya bai koma nasa ba.

Jirgin zai shiga tashar Tarawa ranar Asabar. Yau Lahadi ce, saura kwana shida. Ba mu san ko shi ne ba.